Maɗaurin Jirgin Abdussalam

"Lafiya ƙalau muka kwana, har zuwa lokacin da na gan ka," in ji Barira. "Wa ya buɗe maka ƙofa?"

"Mai gadi mana. Ce masa na yi na zo duba wata tsohuwa da danginta suka manta da ita a Sentul. Saura kaɗan ya yi min kuka."

"Ƙarya kake. Wannan ƙaton kan naka ya hango ya zaci tukunyar gas aka kawo."

"To, ina kwana, uwar ɗakina? Ya korona?"

"Tana nan tana ɗibar mutanen kirki, tana barin irinku."

A ƙarƙashin benen suke tsaye, inda ake ajiye motoci, don tun da cutar nan ta sake tashi ba a barin baƙo ya hau sama. Kowa da takunkuminsa, tsakaninsu taku uku. Kalilu ɗan gwaggon Barira ne, ita 'yar kawunsa, taubasai ke nan, kuma tun suna yara a Yawuri ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da zagi ba. Ita ta riga shi zuwa Kuala Lumpur da shekara shida, tana dafa wa ɗaliban gida tuwo da masa. Shi kuma ɗaukar akwatunan Larabawa yake yi a wani otal a Bukit Bintang, har kullen korona ya zo aka sa wa otal ɗin kwaɗo, aka watsar da ma'aikata ko sannu babu. Ta lura wuyansa ya zama kamar na zakara.

Hannunsa ɗaya riƙe da leda, ɗayan da tsintsiya.

"Wannan tsintsiyar fa? Ka samu aikin da ya dace da kai ke nan?"

"Kin manta? Yau goma ga watan cika-ciki. Ɗan mace ya zo yi wa 'yar namiji shara, a ba shi abin hannu. Ko don kin zo ƙasar da ake cin shinkafa da safe kin yar da al'ada?"

"Yau ka yarda kai bawana ne?"

"Na yini ɗaya tak. Gobe ki dawo matsayinki."

"To share. In ka gama in sauko maka da tuwo da miyar kuka ka yi tapau, ka tafi da shi can inda kake kwana."

"Bana ba tuwo zan karɓa ba."

Ya sunkuya ya fara shara. Amma ba wajen ƙofar hawa bene ya nufa ba. Can bayan ginshiƙi ya yi, inda mutanen gidan ke jingine kekuna, inda wani dogon abu ke kwance an rufe shi da shuɗin tamfol. Barira ta bi shi da ido.

Jirgin ƙanenta Abdussalam ne. Ita ta kawo shi ƙasar nan ya yi karatu. Da ya ga kogin da ke gangarowa daga duwatsun Kuala Kubu sai jinin Yawuri ya motsa, ya shiga aiki da masu kai 'yan yawon buɗe ido ruwa. Shi ke bin bayansu a ƙaramin kwalekwale, wanda ya faɗa ya tsamo shi. Wata goma sha uku ke nan da aka kawo mata jirgin a kan mota babu mai shi.

"Kalilu, fito daga nan."

"Nan ne ya fi datti."

"Na ce ka fito."

Ya miƙe, ya jingine tsintsiyar.

"Shi nake so, Barira. Shi ne abin sharata."

"Ashe yunwa tana taɓa ƙwaƙwalwa."

"An fara sassautawa. Mutanen da ya yi wa aiki sun ce da zarar an buɗe kogi ga masu rigakafi za su ɗauke ni, amma in zo da jirgina. Wata biyar ke nan ban aika wa Hasanatu da yara ko ƙwayar shinkafa ba. Kullum ta kira sai in ce mata layi ba kyau."

"Kai ɗin? Kai da ka faɗa rijiyar gidanmu kana leƙen fuskarka?"

"Ke kika tura ni."

"Da na tura ka da ba a tsamo ka ba."

"Shekara goma ina fito da mutane daga Yawuri zuwa tsallake kafin in san akwai wani abu otal. Kifayen kogin Kwara har gaishe ni suke yi. Akwai wata giwar ruwa da ta sa wa ɗanta sunana."

"Shi ya sa ba a sake jin labarinsa ba. Kwara ruwa ne mai kunya, yana tafiya a hankali kamar dattijo. Wancan kuwa mahaukaci ne, dutse a sama dutse a ƙasa."

"Ai na je na gani. Sau uku na bi marigayi. Na san durƙusawa ake yi, a zauna a kan sirdin soso, a ɗaure cinyoyi, kai da jirgi ku zama abu guda. Kuma na yi shiri."

Ya zazzage ledar a ƙasa. Wasu faffaɗan igiyoyi biyu ne ruwan lemo, kowace da ƙarfe mai haƙora a bakinta, irin waɗanda ake ɗaure kaya da su a bayan babbar mota.

"A kedai ɗin kayan gini na samo. Na tambayi mai shagon ko za ta riƙe mutum, ya ce boleh, wai za ta iya, ko saniya za ta riƙe. Wannan ko kogin ya haɗa da iyayensa ba zai fizge ni daga jirgi ba."

Barira ta tsaya tana kallon igiyoyin. Haka mazan gidansu suke tun kakanni: abin da ya fi ƙarfi shi ne mai kyau, ƙullin da ba ya kwancewa shi ne ƙulli, kuma kada wanda ya gaya musu komai a kan ruwa. Su aka haifa a bakin kogi, su suka sani.

"Yaye tamfol ɗin," in ji ta.

"Kin ba ni ke nan?"

"Na ce ka yaye."

Ya yaye. Jan jirgi ne gajere na roba mai kauri, jikinsa duk karce. Sirdin soson yana nan, da matasan gwiwa guda biyu da suka lotsa daidai gwiwoyin mai su. A ƙasan jirgin akwai zobba, kuma a jikin zobban guntayen wani baƙin maɗauri na bel mai kauri, an yanke shi da wuƙa. Kalilu ya sa yatsa ya taɓa, ya ɗago ya dube ta. Ta kau da kai.

"Shiga ka durƙusa. Ɗaure kanka da igiyar shanun taka in gani."

"Yanzu? A kan siminti? Mutane na wucewa, Barira. Ina da mutunci a garin nan."

"A wajen wa?"

Ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya zura igiyoyin ta zobban, ya ɗora su a kan cinyoyinsa can sama kusa da ƙugu, ya riƙa jan ƙarfen yana ƙarar ƙaƙas-ƙaƙas har wandonsa ya tattare.

"Kin gani? Ko motsi. Sarkin ruwa ya hau karaga."

"Ja takunkuminka sama ka rufe idonka."

"Hukuma ta ce hanci da baki."

"A ƙarƙashin ruwa ba ka ganin komai sai kumfa. Rufe. Miƙo hannuwanka."

Ta kwance gorar ruwan da ke jakarta ta tsiyaye masa a hannu har ya jiƙe sharkaf.

"Yanzu ka riƙe numfashi. Jirginka ya kife, kanka yana ƙasa, duwatsu na dukan bayanka. Fito."

Ta zagaya baya, ta kama gindin jirgin da hannu biyu, ta tuntsurar da shi a kan gefensa. Kafaɗar Kalilu ta daki siminti. Hannunsa ya shiga lalube. Ya samu ƙarfe ɗaya, yatsunsa suka zame. Ya sake kamawa, ya ja ta inda ba nan ba, igiyar ta ƙara matsewa. Ya yi ƙoƙarin zare ƙafa, gwiwarsa ta ƙi fita. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Barira tana tsaye a kansa har ya buɗe baki ya ja iska da ƙara kamar wanda aka shaƙe.

"Ka shaƙa," in ji ta. "Ruwa ka shaƙa. Ka mutu, Kalilu. Wa zan ce ya gaya wa Gwaggo?"

"Ban shirya ba ne. A sake."

"Kogi yana sakewa?"

Ya janye takunkumin daga idonsa. Sai da ya sa hannu biyu, yana kallo, kafin ƙarfe ɗaya ya saki. Bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin jirgin yana haki, idonsa a kan guntayen baƙin maɗaurin nan.

"An ce mana kansa ne ya bugi dutse."

"Ni na ce."

"Barira."

"Ni na gaya wa Umma haka a waya, ni na gaya maka, ni na gaya wa mutum goma sha biyun da aka bari suka sallace shi, kowa can nesa da ɗan'uwansa kamar masu gaba. Hular kwanonsa ko tsagewa ba ta yi ba. A cikin jirgin suka same shi, a durƙushe, a ɗaure. Sai da suka sa wuƙa."

Wata mota ta shigo, ta zagaya, ta fita. Suka jira ta wuce.

"Tsohon maɗaurinsa ne ya ruɓe a watannin kullen farko," in ji ta. "Ya yi odar sabo daga waje, irin na gaskiya. Jiragen sama ba sa tashi, kaya suka maƙale. Aka buɗe kogi, suka kira shi aiki. Ya ce zai jira kayansa. Ni ce na ce masa jiran me, ga keken ɗinki a ɗaka? Na samo bel mai kauri, na ninka shi biyu, na bi shi da ɗinki sau huɗu. Babu maɓalli, sai na ce ya ɗaure da ƙullin Baba, wanda yake ɗaure jirgi da shi a mashaya. Ka san shi. In ya jiƙe aka ja shi, ƙara kamawa yake yi."

"Na san shi."

"Har ina yi masa alfahari. Na ce, wannan ko giwa ba za ta tsinka ba. Ya ce, Yaya, kin fi Turawa. Da hannuna, Kalilu. Da zaren da nake ɗinka wa mutane kayan Sallah."

Muryarta ba ta rawa. Idonta ne kawai ke zuba, takunkumin yana shanyewa.

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Kalilu a hankali.

"Na sani. Ban tambaye ka ba. Malamai uku sun gaya min, kuma gaskiya suka faɗa. Ba shi ya hana ni ganin ɗinkin nan duk sanda na rufe ido ba."

Ya murza kafaɗarsa inda ta bugu. Sannan ya ɗago, ya dube ta sama da ƙasa, da irin kallon da yake mata tun tana 'yar shekara tara.

"Amma ke dai Barira anya ba mugunta ba ce?"

Ta zuba masa ido.

"Shekara talatin kina ɗinki. Wandon da kika yi min na Sallah, a raka'ar farko ya rabu gida biyu, sahu uku suka ga abin da bai kamata ba. Rigar ɗaurin aurena, hannu ɗaya ya biyo ni gida, ɗayan ya tsaya a masallaci. Duk Yawuri an san ɗinkinki ba ya kai la'asar. Sai sau ɗaya tak a duniya kika yi wanda ya riƙe, shi ma kika rasa inda za ki yi shi sai nan?"

Duk faɗin duniya babu wanda ya isa ya faɗa mata wannan magana ya kwana lafiya. Ta buɗe baki za ta zage shi, sai wani abu ya fito wanda ba zagi ba, ba kuma kuka zalla ba. Ta dafa ginshiƙi, ta zame ta zauna a ƙasa, kafaɗunta na girgiza, dariya da kuka suna fitowa ta hanya ɗaya. Kalilu ma ya sunkuyar da kai yana share ido da bayan hannu.

"Allah ya isa tsakanina da kai," in ji ta da ta samu numfashi.

"Amin. Shi ma da yana nan da abin da zai ce ke nan, har ya fi haka. Ni fa mutum biyu nake zagi a garin nan, yanzu saura ke kaɗai. Kin san wahalar da nake sha?"

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

"Kada ka motsa."

Ta hau sama. Da ta dawo tana rungume da wani ƙunshi na kwali, ƙura ta rufe samansa, ba a taɓa buɗe shi ba. Ta ajiye a kan jirgin ta ja da baya. Kalilu ya karanta sunan da ke jiki, ya janye hannunsa.

"Kwana tara da binne shi aka kawo," in ji ta. "Mai kawowa ya tsaya a bakin ƙofa yana ta kiran sunansa. Buɗe. Ni ba zan iya ba."

Ya yaga da haƙori. Maɗauri biyu ne masu laushi da soso a ciki, sun haɗu a wani ɗan maɓalli guda a tsakiya, da jar igiya gajeriya mai ƙwallo a bakinta.

"Wannan ɗan abin? Wannan ai ko akuya..."

"Rufe min baki ka saurara. Duk zaman kullen nan ba abin da na yi sai kallon yadda ake ɗaura wannan abu a waya, ina tambayar mutumin da ya kawo min jirgin har ya gaji da ni. Cire guntayen can tukuna."

Ya ɗauki lokaci yana fama da ƙullin. Bai kwantu ba, sai da ta miƙo masa almakashi. Ya naɗe guntayen zai sa a aljihu, ta ce ya ba ta, ta ƙulle su a bakin mayafinta.

"Ja zobban nan da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda mannensa ya ɗago, ba ka shiga ruwa sai an sake manne shi. To. Durƙusa. Ba can sama ba, sakarai, wa ya ce ka ɗaure ƙugu? Tsakiyar cinya, ya ɗan fi kusa da gwiwa. Ya riƙe ka in kana tuƙi, amma in ka miƙe ƙafa ka ja baya ka zame ka fita ko ba ka taɓa maɓalli ba."

"To amfaninsa me, in zai sake ni?"

"Amfaninsa ke nan. Jar igiyar ta zauna a tsakiya inda kowane hannu zai same ta. Kada ka kuskura ka cusa ta ƙarƙashin wani abu wai don kada ta dame ka. Babu ƙulli ko ɗaya a jirgin nan daga yau. Babu igiyar da ke yawo inda ƙafa za ta shiga. Waɗannan takalman naka masu kama da kwale-kwale, ba da su ba, dunduniyarsu za ta maƙale a ƙarƙashin sirdi. Jakunkunan iska na gaba da baya suna sama, zan sauko da su, ka hura ka kwana ka ga ko suna sacewa. Wuƙa kuma a ƙirjin rigar ruwa, ba a aljihun wando ba."

"Ashe farfesa nake zagi ban sani ba."

"Rufe idonka."

Ya ja takunkumi. Ta juye masa sauran ruwan gorar, ta zagaya ta tuntsurar da jirgin. Hannunsa ya sauka tsakiya, ya kama ƙwallon, ya fizga. Maɗauran biyu suka faɗi lokaci guda, ya mirgino kan siminti kamar buhun gero.

Ya kwanta a nan yana kallon rufin. Ita kuma ta tsaya tana kallon maɗauran. Dukansu sun ga yadda abin ya zo da sauri, kuma dukansu abu ɗaya suke tunani.

"Sake," in ji ta. "Da hagu."

Ya sake da hagu. Ta sa ya sake ba tare da ya taɓa igiyar ba, ya zame ta baya, wandonsa ya kusa tsayawa a jirgi. Ta sa ya sake. A karo na bakwai mai gadi ya leƙo, ya tsaya kallo, ya koma yana girgiza kai.

"Na tuba," in ji Kalilu daga ƙasa, yana dariya yana riƙe da haƙarƙari. "Wallahi na tuba. Kin fi ni sanin ruwa, ke da ko a baho ba kya iyo. Igiyar shanun ma na bar miki, ki yi shanya."

"Ɗauki jirgin. Amma da sharaɗi."

"Na sani. In yi ta addu'a."

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka. Nawa daban. Duk ranar da ka shiga kogin nan, ƙafarka na taɓa tudu ka kira ni. Kafin ka cire hula, kafin ka kira Hasanatu."

"In ce miki me?"

"Ba sai ka ce komai ba. Ni zan yi magana. Ka dai riƙe wayar a kunne har in gama zaginka."

Kalilu ya tashi zaune, ya dube ta, ya dubi jirgin.

"To ki riƙa taƙaitawa dai," in ji shi. "Jiƙaƙƙen mutum sanyi yake ji."